Jini ya fara hawa, albashi ba ya kai wata: daga ina zan fara gyara?

Tambaya: Likita, ni ma'aikacin gwamnati ne a Kaduna, shekarata 46, ina zaune a Rigasa da iyali, mu takwas a gida. Kwanaki na auna jini a kemis aka ce 148 bisa 94. Tumbi ya fito, kullum a gajiye nake, ga saurin fushi da yara. Bara na shiga gidan motsa jiki, na daina cin tuwo da shinkafa, ban yi wata ba na watsar. Kuɗin sayen abincin masu hali kuma babu. Waɗanne ƙananan abubuwa zan canja da za su ɗore, in samu lafiya da kwanciyar hankali?

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara lafiya. Abin da ya sa ka watsar bara a fili yake. Ka ɗauko manyan abubuwa lokaci guda, kuma babu ɗaya a cikinsu da yake da gurbi a yininka. Gidan motsa jiki yana son kuɗin wata, kuɗin mota daga Rigasa, da awa biyu da ba ka da su. Barin tuwo kuwa, a gidan da ake tuƙa shi kowane dare, rigima ce da mutum bakwai. Shawarar da nake ba masu irin halinka ita ce su nemi abin da ba ya tashi a yininsu, su rataya sabon hali a jikinsa. A gida irin naka abu biyu ne ba sa tashi ko ana ruwa ko ana iska: salla biyar da tukunyar dare. Kusan duk abin da zan faɗa maka a kansu zai rataya.

Amma kafin nan, wannan 148 bisa 94 ɗin. Awo ɗaya a kemis, wataƙila ka shigo daga rana kana haki, ba ya yanke hukunci. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a samu lambar sama ta kai 140, ko ta ƙasa ta kai 90, a ranaku biyu daban-daban kafin a ce mutum yana da hawan jini. Ka sake aunawa yadda ya kamata: ka yi fitsari tukuna, ka zauna minti 5 bayanka a jingine, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannun a kan tebur daidai ƙirji, ba surutu. Rabin awa kafin awon kada ka sha shayi ko taba, kada ka ci goro. A auna sau biyu, ka rubuta duka a ɗan littafi da kwanan wata. In lambobin sun tsaya a nan, ka kai littafin asibiti, ko cibiyar lafiya ta unguwa, ko asibitin Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, ko na Barau Dikko, a haɗa da gwajin sukari da na ƙoda. Kai ma'aikaci ne, ka bincika rajistarka ta KADCHMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Kaduna, domin mutane da yawa ana cire musu kuɗin inshora daga albashi ba su taɓa zuwa sun karɓi katinsu ba.

To, tukunya. A nan zan daɗe, domin a nan riba ta fi yawa kuma ba a kashe ko sisi, ragi ma ake samu.

Babban mutum bai kamata ya wuce giram 5 na gishiri a yini ba, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba, kuma wannan ya haɗa da duk gishirin da ke ɓoye a cikin abinci. Idan na faɗi haka mata kan ce, "Likita, ai mu ba ma cika gishiri." Gaskiya suke faɗa, a iya saninsu. Gishirin miyarmu yanzu ta ƙofa huɗu yake shiga. Akwai shi kansa na leda. Akwai magi, wanda kusan rabin nauyin kowane dunƙule gishiri ne. Akwai farin magi, shi ma sinadarin sodiyam ne a cikinsa, ko da yake bai kai na gishiri yawa ba. Sai kanwa, wadda mutane ba sa lissafawa sam, alhali ita ma sodiyam ce, kuma tana cikin miyar kuɓewa, ɗanwake, da waken da ake son ya yi saurin nuna. Sodiyam ɗin nan shi ke riƙe ruwa a jiki ya ƙara wa jijiyoyin jini nauyi, kuma mu baƙar fata jininmu ya fi saurin hawa da shi fiye da na wasu. Ka ƙara da burodin safe, yajin tsire da na awara da aka daka da magi, da garin ɗanɗanon da ke cikin ledar taliyar yara, ka ga inda lissafi ya kai.

Ga hanyar da za ku gane matsayinku ba tare da ma'auni ba. Ranar da aka buɗe sabuwar ledar gishiri mai giram 500, a rubuta kwanan wata a jikinta. Ku takwas ne. In ta ƙare a mako biyu, kowannenku ya ci kusan giram 4 da rabi a yini daga wannan ledar kaɗai, ba a sa magi, kanwa da abincin waje ba. Haka za a ƙirga dunƙulen magi nawa ke shiga tukunya a yini.

Yadda za ka kawo maganar a gida shi ne rabin aikin. Kada ka shigo ka ce wa uwargida likita ya ce girkinta ne ke sa maka hawan jini. Ranar ba za a kwana lafiya ba, kuma ba adalci ba ne, tunda kai ne ka saba yaba miyar. Kada kuma a ware maka tukunya ta daban, wannan wahala ce da ba ta wuce mako biyu, kuma yaran da ke tasowa su ma harshensu ake ginawa. Ku zauna ku yi shawara: inda ake jefa magi shida a koma biyar, bayan mako biyu a koma huɗu, a haka a haka. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni, har ya kai in ka ci abincin biki ka ji gishiri ya yi maka yawa. Gurbin da magi ya bari a cike shi da abin da iyayenmu suka yi miya da shi kafin zuwansa: daddawa, albasa mai yawa, tafarnuwa, citta (wadda jiharmu ce gidanta, ta Kachia har ƙasashen waje ake kai ta), masoro, kanumfari, kimba, garin busasshen kifi. Tsami ma yana rufe rashin gishiri, shi ya sa miyar yakuwa da faten tsaki mai yakuwa ba sa neman magi da yawa. Wake kuma a jiƙa shi tun dare, zai nuna ba sai an zuba kanwa ba. Gishirin da ake ajiyewa kusa da faranti a barbaɗa, da yajin da ake tsoma kowace loma, waɗannan a ɗauke su yau. Ga mai hawan jini, rage gishiri da gaske yakan sauke lambar sama da maki 5 ko kusa da haka. Yana jin kaɗan a kunne, amma a lissafin shanyewar ɓarin jiki ba kaɗan ba ne.

Tuwo kuma ka ci abinka. Wanda ya ce maka lafiya sai da barin tuwo bai san gidajenmu ba. Abin dubawa shi ne malmala nawa, da me aka ci, da kuma ƙarfe nawa. Mai cin uku ya koma biyu, mai biyu ya koma ɗaya da rabi, miya ta fi tuwon yawa, kuma ta zama ta ganye: alayyahu, zogale, rama, kuka, kuɓewa, taushe da kabewa. Tuwon dawa, gero ko masarar da ba a surfe ta ƙal ba ya fi na farar shinkafa riƙe ciki, haka acca in ta samu. Shinkafa a haɗa ta da wake. Ana son mutum ya ci giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a yini, kuma ba tufa da inabin kanti ake nufi ba. Kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli, yalo, gauta, karas, gwaiba, gwanda, lemo, mangwaro a lokacinsa, kankana da zafi, duk suna cikin lissafi. Ka sayi abin da ke yayi, shi ne mai araha. Wanda ya leƙa kasuwar Bakin Dogo lokacin da kayan lambu suka shigo ya san bambancin farashin da na mai tebur a bakin layi. Hadisin nan da kowa ya haddace, na kasa ciki uku, kaso ɗaya abinci, ɗaya ruwa, ɗaya numfashi, ni ban ga tsarin rage ƙiba da ya fi shi sauƙin riƙewa ba. In da hali a ci tuwon tsakanin Magariba da Isha'i maimakon ƙarfe goma.

Tumbin da ka ambata, ba sai ka sayi sikeli ba. Ka sami igiya, ka auna tsawonka daga ƙafa zuwa ka, ka naɗe ta gida biyu, ka zagaya cikinka da ita wajen cibiya. In bakin igiyar bai haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa, domin ana son zagayen ciki ya gaza rabin tsawon mutum. Ka ajiye igiyar, ka riƙa gwadawa duk ƙarshen wata. Kusan kowane kilo ɗaya da mai ƙiba ya sauke yana rage lambar sama da maki ɗaya.

Sai sukari, kuma a Kaduna yawancinsa sha ake yi, ba ci ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2015 sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da ke ba jiki ƙarfi a yini, in an iya ma a tsaya a kashi 5, wato wajen giram 25, ƙananan cokula shida. Lemon kwalba da yawa suna ɗauke da wajen giram 10 a kowane mililita 100, ka juya robar ka karanta da kanka. Ke nan robar santilita 50 guda ɗaya ta ninka abin da aka so ka sha a yini. Harajin Naira 10 a kan kowace lita da Dokar Kuɗi ta 2021 ta sa wa irin waɗannan abubuwan sha bai hana kowa saye ba, a ganina ya yi kaɗan. Maltina da 'yan'uwanta da ake kai wa marar lafiya a asibiti ana ganin ƙarin jini ne, su ma ruwan sukari ne. Kofin mai shayi kuwa ka tsaya ka kalli hannunsa sau ɗaya, ka ƙirga cokulan da yake zubawa kafin madara. Abin da za ka yi: ka ce a rage maka cokali ɗaya wannan makon, wani makon a ƙara rage ɗaya. Lemon kwalba ya koma na ranar suna da biki. Zoɓo yana da kyau, an yi gwaje-gwaje da suka nuna yana ɗan sauke jini, amma wanda aka yi a gida da citta da kanumfari ba a cika masa sukari ba, kuma ba ya maye gurbin ƙwayar magani.

Yanzu ƙafa. Abin da ake nema minti 150 ne a mako na motsi mai ɗan sa haki, wato minti 30 sau biyar, kuma ba dole a yi shi a zama ɗaya ba. Minti goma sau uku ya wadatar. Ga inda salla ta shigo. In masallacin ƙofar gida kake zuwa, ka zaɓi sallar da za ka riƙa yi a wani masallaci mai nisan minti goma. Zuwa da dawowa ka sami ashirin. Na fi son Isha'i in an ci abinci kafin ta, domin tafiya bayan cin abinci tana hana sukarin jini yin tsalle. In layinku ba ya biyuwa da duhu, kada ka yi kasada, ka mayar da ita bayan La'asar ko da safe in gari ya waye, kuma ka nemi abokin tafiya. Abokin yana da amfani biyu: tsaro, da kunyar ya zo ƙofar gida ya yi sallama kana kwance. Hanyar ofis ma, ka sauka daga Keke tun kafin a kai ka bakin ƙofa, ka taka sauran. An rage kuɗin mota ke nan. Ma'aunin sauri shi ne ka iya hira amma ba za ka iya jan ƙira'a ba. Tafiyar rangwaɗa da waya a hannu ba ta shiga lissafi sosai. Ranar Asabar in kana sha'awa ka je Dandalin Murtala da safe, za ka tarar da dattawa da suka girme ka suna zagaye, kuma ba a tambayar kowa katin zama memba. A watan Maris da Afrilu ka kauce wa tsakar rana, ka riƙe ruwa; lokacin hazo kuma in ƙura ta yi yawa ka rufe hanci. Irin wannan tafiya, in ta ɗore, takan sauke jinin mai hawan jini da maki 5 zuwa 8. A ofis kuma kada ka yi awa biyu a kan kujera ba ka miƙe ba. Fayil ɗin da za ka aiki masinja da shi hawa na biyu, kai shi da kanka.

Akwai wani abu kuma da nake so ka daina yau ba sai a hankali ba: haɗin maganin gajiya na kemis. Mutum ya dawo aiki jiki na ciwo, ya ce a haɗa masa na ɗari biyu, a ƙulla masa ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda ba suna. Galibi akwai diclofenac ko ibuprofen a ciki, wani lokaci duka biyun, har da irin su dexamethasone. Waɗannan suna ɗaga jini, suna cin ƙoda, suna ƙwaƙule ciki, na ƙarshen kuma yana tayar da sukari. Haka jiƙe-jiƙen roba na maganin basir da ƙarfin maza da ake yawo da su a tasha, ba ka san abin da aka narka a ciki ba. In kana shan taba ko shisha, barinsu ya fi duk abin da na lissafa a sama.

Gajiya da saurin fushi, ni barcinka zan fara tambaya. Babba yana buƙatar awa 7 ko fiye. Wanda zai tashi Asuba wajen ƙarfe biyar, in ya kai sha biyu yana latsa waya, awa biyar ya samu, kuma mai barcin awa biyar ƙaramin abu ke tunzura shi. Yaron da ya zubar da ruwa ba shi ne matsalar ba. Ka sa wa kanka doka ɗaya: waya ta kwana a falo tana caji, ko a aljihun rigar da ka rataye. Goro, kofi da shayi mai kauri su tsaya daga La'asar, domin sinadarin da ke cikinsu mai hana barci yakan yi awa biyar rabinsa bai bar jiki ba. Ƙailula ta minti ashirin bayan Azahar tana da amfani in ta samu, amma kada ta zarce awa. Sannan ka tambayi uwargida ko kana minshari mai ƙarfi, numfashi ya ɗauke ka farka a firgice. In ta ce e, ka gaya wa likita, domin wannan toshewar numfashi ce a cikin barci, tana yawan zuwa wa masu tumbi da kaurin wuya, kuma tana hana jini sauka ko ana shan magani.

Kwanciyar hankali ba a rubuta ta a takardar magani, kuma ba zan yi maka ƙaryar cewa tafiyar minti talatin za ta biya kuɗin makaranta ba. Matsin da kake ciki na gaske ne. Amma akwai binciken da Jami'ar Harvard ta Amurka ta fara tun 1938, tana bin rayuwar ɗaruruwan mutane daga samartaka har tsufa, kuma abin da ya fi fitowa fili a ciki shi ne masu kyakkyawar alaƙa da iyali da abokai sun fi daɗewa cikin lafiya da jin daɗi. Mu nan muna da wannan a hannu, muna sakaci da shi ne. Majalisar da kake zama da yamma dukiya ce, muddin ba ta koma wurin kallon bidiyon gawarwaki da lissafin farashin buhun masara kaɗai ba. Labarin tashin hankali ka ji shi sau ɗaya a rediyo ya isa, ba sai ka kalle shi sau ashirin a WhatsApp kafin ka kwanta ba. In ka dawo gida, kafin ka fara tambayar wa ya bar fitila a kunne, ka zauna minti goma ka sha ruwa, yara su gaishe ka. Tuwon dare a ci tare, ko da sau uku a mako. Ranar Juma'a bayan masallaci ka ware ta ziyarar mutum ɗaya, gwaggo a Tudun Wada ko tsohon aboki a Kawo, da ƙafarka ba ta waya ba.

Sai dai in ka ga an yi mako biyu ko fiye ba abin da ke yi maka daɗi, barci ya lalace, abinci ya fita ranka, kana jin ba ka da amfani ko rayuwar ta ishe ka, wannan ya wuce gajiya. Ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa ba na waɗanda suka fita tsirara ba ne kawai, ma'aikata irinka suna zuwa a duba su su koma ofis.

Kada ka ɗauki duk wannan ranar Litinin, in ba haka ba za a maimaita bara. Watan farko abu biyu kawai: ragin magi da gishiri, da tafiyar salla ɗaya. Haɗin kemis kuma an riga an daina. In sun zauna har ka daina tunaninsu, wata na biyu ka ƙara sukarin shayi da kwanan waya a falo. Ranar da ka fasa, ko aka yi biki ka ci ka sha, washegari ka ci gaba daga inda ka tsaya, ba a sake lissafi daga farko. Ka ci gaba da awo sau ɗaya ko biyu a mako kana rubutawa.

In likita ya duba ya ce sai an haɗa da magani, ka karɓa. Maganar da ake yi cewa wanda ya fara shan maganin hawan jini ya zama bawansa ita ta kai mutane da yawa ga shanyewar jiki. Hawan jini ba ya ciwo, mutum yana jin garau jijiyoyinsa na lalacewa, don haka ba a daina magani don an ji sauƙi ko don awo ya yi kyau. Kyan awon aikin maganin ne. In azumi ya matso, ka koma a tsara maka lokutan sha tsakanin buɗa-baki da sahur. Kuma ka gaya wa mutanen gidanka tun yanzu: in suka ga bakinka ya karkace, hannu ko ƙafa ta ɓangare ɗaya ta saki, magana ta harɗe, ko ka kama ƙirji kana gumi, ko awo ya kai 180 bisa 120 tare da matsanancin ciwon kai ko dishi-dishin gani, kada a tsaya shafa mai ko ɗura maka ruwa a baki. A sa ka a mota zuwa babban asibiti nan take, a kuma riƙe lokacin da abin ya fara, domin shi likita zai fara tambaya.